Yadda Ake Ɗinka Jakar Hannu ta Fata da Allura Biyu

Ɗinkin da dukawa da masu haɗa sirdi ke yi da allura biyu a kan zare ɗaya ya fi ɗinkin keke ƙarko, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Keke yana aiki da zare biyu, na sama da na ƙasa, waɗanda ke sarƙe juna a tsakiyar fata, don haka da zarar ɗaya ya tsinke sai ɗayan ya saki, ɗinkin ya shiga warwarewa. A ɗinkin hannu kuwa kowane bakin zare yana ratsa kowace huda ya ɓulla ta ɗaya gefen, ta yadda ko zaren ya cinye a wuri guda, ɗan'uwansa yana nan riƙe da fatar. Ga Bahaushen da ke zaune a Gadarif, Kassala, Sinnar ko Mai Wurno, wannan sana'ar hannu tana da wani sauƙi na daban, domin ba ta jiran wutar lantarki, kuma mafi yawan abin da take buƙata, daga fata zuwa ƙaro da kakin zuma, ana samun sa a kasuwar gari.

Jakar da za a bayyana a nan ƙarama ce mai murfi da maratayi, faɗinta santimita 24, tsayinta 17, zurfinta kusan 6. Ba ta da zif kuma ba ta da shafi a ciki, kuma da gangan aka bar su, saboda wanda bai taɓa riƙe basilla ba ya kamata ya fara da abin da zai iya kaiwa ƙarshensa.

Zaɓen fata

Fata iri biyu ce ke yawo a kasuwa. Akwai wadda majema suka jeme da bagaruwa, wato abin da ake sayarwa a kasuwannin Sudan da sunan garad, akwai kuma wadda manyan masana'antu ke jemewa da sinadarin kurom. Ta bagaruwa ita ake so a wannan aiki, domin tana da jiki, tana tsayawa da kanta ba tare da an sa mata kwali ba, tana karɓar lanƙwasa idan an ɗan jiƙa ta, kuma bakinta yana yin sheƙi idan an dirje shi. Ta kurom tana da laushi da kyan gani, amma tana miƙewa a ƙarƙashin wuƙa, kuma duk yadda aka goge bakinta ba zai kwanta ba. Ana rarrabe su ta hanyar yanka ɗan ƙarami a gefe a duba tsakiyar kaurin: ta kurom takan nuna launin toka mai ɗan shuɗi, ta bagaruwa kuwa ruwan ƙasa ce tun daga fuska har baya. Haka nan idan aka ɗiga wa ta bagaruwa ruwa, wurin zai yi duhu, kuma idan aka danna farce a kai shaidar za ta zauna.

Ba kowace fatar gargajiya ce ta jemu sosai ba, don haka a ninke kusurwarta da ƙarfi a gani ko fuskar za ta tsage, a kuma duba yankan da aka yi ko akwai wani farin layi mai tauri a tsakiya, wanda ke nuna bagaruwa ba ta ratsa ba. Irin wannan fatar takan yi wari duk lokacin da ta sha danshi, kuma babu man da zai gyara ta. Warin jima na yau da kullum kuwa yana raguwa idan an shanya fatar a inuwa inda iska ke kaɗawa na 'yan kwanaki. Masu ɗinka markub, takalmin fata na gargajiya na Sudan, su ne suka fi kowa sanin majemin kirki a gari, kuma sau da yawa sukan sayar da guntaye, waɗanda za a buƙace su don gwaji. Bayan da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 kayan da a da ake ɗaukowa daga kasuwar Umdurman sun yi wuyar samu, saboda haka dogaro da majemin gari da baduku na unguwa ya fi jiran saƙo daga nesa.

Ƙirgin saniya ko na maraƙi mai kaurin milimita 1.6 zuwa 2 shi ya fi dacewa da jikin jaka, maratayi kuwa yana son milimita 2.5 zuwa 3. Idan fatar akuya kaɗai aka samu, wadda kaurinta bai cika wuce milimita 1 ba, sai a manna biyu baya da baya da gam, a samu kauri da kuma fuska mai kyau ciki da waje. Wanda zai farke tsohuwar jaka ko rigar fata ta gwanjo don ya samu abin gwaji, ya duba ƙofofin gashin da kyau: fatar alade tana da ɗigo uku-uku a tare a duk faɗinta, kuma ana yawan sa ta a matsayin shafi a kayan da ake shigowa da su.

Akwai gwaji ɗaya da bai kamata a tsallake ba idan fatar rinanniya ce, musamman ja irin ta karan dafi. A jiƙa farin ƙyalle a goga a fuskarta, idan ya ɗauko launi, to haka za ta yi wa farar lafaya ko jallabiya a ranar da aka yi gumi. Fatar da ke zuba sai a bar ta ga wani aikin.

Kayan aiki

Ana buƙatar wuƙa mai kaifi irin ta yankan kwali wadda ake sauya wa baki, da rula ta ƙarfe, da kamfas na akwatin lissafi, da basilla, da allura biyu marasa tsini, da guduma ta katako ko ta roba, da faranti na roba irin na yankan nama don shimfiɗawa a ƙasa, da samfefa mai laushi, da gam irin na masu gyaran takalmi. Idan allurar dukanci ba ta samu ba, a ɗauki babbar allurar ɗinki a goga tsininta a dutse har ya dakushe, domin aikinta bin huda ne kawai, kuma mai tsini tana soke zare tana kuma buɗe sabuwar hanya a inda ba a so. Zare mafi sauƙin sarrafawa shi ne na foliyesta mai kaki, kaurin milimita 0.6 zuwa 0.8. Idan marar kaki ne, a ja shi a kan dunƙulen kakin zuma sau uku ko huɗu.

Ƙarfen huda, wanda yake da haƙora a jere kamar cokali mai yatsu, shi ne abin da ya fi kowane sauƙaƙa aikin. Mai tazarar milimita 4 tsakanin haƙora ake so, ɗaya mai haƙora huɗu ko shida don miƙaƙƙen layi, ɗaya mai biyu don kwana. Wanda bai samu ba zai iya buɗe kamfas milimita 4 ya taka shi a kan layi yana barin ɗigo, sannan ya huda kowane ɗigo da basilla. Ya fi cin lokaci, amma sakamakon bai gaza ba idan hannu ya tsaya. Abu na ƙarshe shi ne matsi: katako biyu masu tsawon kamu biyu, a ɗaure ƙasansu tare, a manna guntun fata a bakinsu na sama, a riƙe su tsakanin gwiwoyi su danne aikin. Ɗinkin allura biyu yana cin hannu biyu, don haka dole wani abu ya riƙe fatar.

Awo da yanka

Kada wuƙa ta taɓa fata kafin an yanka jakar gaba ɗaya a kwali. Gaba: faɗi santimita 24, tsayi 17. Baya da murfi a haɗe suke, faɗi 24, tsayi 33, wato 17 na baya, 6 na abin da zai haye bakin jaka, da 10 na murfin da zai sauko gaba. Sai doguwar fatar da ke zagaye gefe biyu da gindi, wadda za a riƙa kira ɗamara a nan, faɗinta 7, tsawonta 58. Ƙananan su ne aljihun ciki mai 16 da 11, da kunnuwa biyu na riƙe zobe masu 2 da 8 kowanne, da harshen rufewa mai 2 da 9, da gadar da harshen zai shiga mai 1.5 da 5. Kusurwoyin ƙasa na gaba da na baya ana zagaye su da kamfas da aka buɗe santimita 3, kusurwoyin murfi ma haka. Kusurwa mai tsini tana wahalar da ɗamara matuƙa, kuma a nan ne jakar sabon hannu ta fi yin muni. A haɗa kwalin da salatif, a zuba waya da ƙaramar jakar kuɗi da makullai a gani ko sun shiga, domin gyaran awo a kwali ba ya cin ko sisi.

A shimfiɗa fatar a duba inda tabo da cizon kaska da shaidar lalas suke, a kauce musu a gaba da murfi. Fatar da ke kusa da gadon baya ta fi ƙarfi kuma ba ta cika miƙewa ba, don haka daga nan ake fitar da maratayi da ɗamara, a bi tsawon dabbar daga wuya zuwa wutsiya. Ta ciki sakwaf take, sai a bar ta ga aljihu. A zana gefen kwalin da tsinin basilla a hankali, ba da biro ba, saboda tawada ba ta fita. Wajen yanka a danne rula a kan ɓangaren da ake so, ta yadda idan wuƙa ta zame za ta ci abin zubarwa ne, a riƙe wuƙar a tsaye, a bi layin sau biyu ko uku da matsakaicin ƙarfi maimakon a nemi rabawa da bugu ɗaya.

Fatar bagaruwa ba ta shiri da baƙin ƙarfe idan akwai danshi. Sinadarin jimar yana haɗuwa da ƙarfen ya bar baƙin tabo da ba ya wankuwa, kuma da wannan haɗuwar ce ma dukawa ke yin baƙin rini. Saboda haka kada a ajiye rula ko almakashi a kan jiƙaƙƙiyar fata, kuma idan za a maƙale wani wuri a yi amfani da abin maƙale shanya na katako ko na roba.

Huda

Kyan ɗinki daga huda yake fitowa, allura tana bin abin da ta tarar ne kawai. A buɗe kamfas milimita 4, a sa ƙafa ɗaya tana bin bakin fatar, ɗayar tana jan siririn layi a fuska. A ɗora ƙarfen huda a kan layin, a tsayar da shi cak, a dube shi ta gaba da ta gefe, sannan a buga har haƙoran su ɓulla. Wajen matsawa gaba a mayar da haƙori na farko cikin huda ta ƙarshe, domin tazarar ta ci gaba daidai. Idan ƙarfen ya karkata ko kaɗan, layin fuskar fata zai miƙe amma na bayanta zai yi ta karkace-karkace. Idan haƙoran suna maƙalewa, a soka su a kakin zuma kafin kowane bugu, kuma a danne fatar da ɗan katako kusa da ƙarfen lokacin zarewa don kada ta miƙe.

Gaba da baya da ɗamara ana huda su daban-daban, kuma a nan ne lissafi ya zama dole. A sa alama a daidai tsakiyar gindin gaba, da tsakiyar gindin baya, da tsakiyar ɗamara a gefenta biyu. Daga wannan alamar ake fara huda, a yi dama har bakin jaka, a dawo a yi hagu. Layin ɗinkin gaba, da yake yana milimita 4 daga baki kuma kusurwoyinsa a zagaye suke, tsawonsa ya ɗan haura santimita 54, wato huda wajen 135. Ba adadin ne abin kula ba, daidaituwarsa ce: duk yawan da aka samu daga tsakiya zuwa bakin dama na gaba, shi za a ƙirga a ɗamara, haka na hagu, haka kuma na baya, wanda hudarsa za ta tsaya a santimita 17 daidai da tsayin gaba. A rubuta adadin a takarda, a kuma sake ƙirgawa. Huda ɗaya tak da ta yi rara tana murɗe jaka, ta zauna a karkace har ƙarshen rayuwarta. Abin da ya ragu a bakin ɗamara biyu bayan huda ta ƙarshe sai a yanke shi, a bar daidai abin da ya rage a saman gaba.

Haƙoran ƙarfen huda a jirkice suke, don haka idan aka huda gaba ta fuska aka kuma huda ɗamara ta fuska, sannan aka haɗa su baya da baya, hudojin za su gitta juna, allura ta riƙa tirjewa. Maganinsa shi ne a huda gaba da baya ta fuska, ɗamara kuwa a kife ta a huda ta bayanta. Mai amfani da basilla mai zagayayyen tsini ba ruwansa da wannan.

Ɗinkin kansa

A koyi ɗinkin a guntaye biyu da aka manna aka huda kafin a taɓa jakar. Tsawon zare shi ne tsawon layin sau huɗu, a ƙara santimita 30 na riƙo. A zura bakin zaren ta kafar allura ya fito kamar santimita 6, sannan a soka tsinin allurar a tsakiyar jikin doguwar igiyar kusa da nan, a ja wurin da aka soka ya gangaro ya wuce kafar ya ɗaure. A yi wa ɗaya bakin haka da allura ta biyu. Da wannan ɗaurin allura ba za ta zame ba, kuma babu ƙullin da zai tsaya a huda.

A sa aikin a matsi, fuskar fata tana hannun dama, layin hudar ya ɗan ɗara bakin katakon, a fara daga nesa ana tahowa wajen jiki. A zura allura ɗaya a huda ta farko a ja har zaren ya rabu biyu daidai. A ɗauki allurar hagu a sa a huda ta biyu ta ɓulla dama, a ja ta fita. Da hannun hagu a ɗan ja zaren da ke cikin hudar ya koma can ƙarshenta na nesa, sannan a sa allurar dama a wannan hudar, ta gefen da ke kusa da jiki. Kafin a zare ta, a ɗan ja zaren farko baya a gani: idan allurar ta motsa tare da shi, to ta soke shi, sai a fitar a sake, domin zaren da aka soka ba ya matsuwa kuma a nan yake fara tsinkewa. Idan lafiya, a zare allurar, a kama zare biyu a ja su lokaci guda da ƙarfi iri ɗaya, har zaren ya kwanta a fuskar fata ba tare da ya tattare ta ba. Fatar akuya tana son ja mai sauƙi fiye da ƙirgi.

Sirrin layi mai kyau shi ne maimaita abu ɗaya ba canji. Idan hagu ce ke fara shiga, to ita ce har ƙarshe, kuma idan allura ta biyu tana bi ta kusa da jiki, kada ta taɓa bi ta nesa. Ɗinki ɗaya da aka juya tsarinsa yana fita daban a cikin layi, ido kuma ba ya kuskure shi. A ƙarshen layi a koma baya huda biyu ko uku, a fitar da bakin zare biyu ta ɓangaren da ba a gani, a yanke a bar milimita 2, a kusanto da wutar ashana ya narke, a danne. Zaren auduga ba ya narkewa, shi sai ɗigon gam. Idan allura ta ƙi wucewa wajen komawa baya, a ja ta da filaya a miƙe, kada a murɗa, saboda a kafa take karyewa. Daga nan a kwantar da aikin a kan abu mai santsi a bubbuga layin da guduma a hankali, hudojin su rufe a kan zaren.

Abin da ake gamawa kafin a haɗa jiki

Duk bakin da hannu ba zai kai gare shi ba bayan haɗawa, yanzu ake goge shi: saman gaba, saman aljihu, bakin ɗamara biyu, kewayen murfi, da gefunan ƙananan guntaye. A bi bakin da samfefa har ya daidaita, a ɗan kashe kaifin kusurwarsa ta fuska da ta baya, a shafa ruwa kaɗan da yatsa, a dirje da ƙyalle mai kauri irin na wandon jins ko da santsin katako har ya yi zafi ya fara duhu. Sannan a jiƙa 'yan ƙwayoyin ƙaro a ruwan ɗumi su narke har ruwan ya yi ɗan yauƙi, a shafa siriri, a sake dirzawa. Ƙaron hashab na Kurdufan, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi, yana kwantar da gashin bakin fata sosai, sai dai ruwa yana narkar da shi, don haka a rufe da kakin zuma a yi dirza ta ƙarshe. A kula kada ruwan ƙaron ya malalo fuska, yana barin shaida.

Aljihu ana manna shi a cikin baya, santimita 3 ƙasa da inda bakin jaka zai tsaya, a huda shi tare da bayan a ɗinke gefe uku. Gadar harshe tana zama a tsakiyar gaba, santimita 5 daga ƙasa. A sa harshen a ƙarƙashinta lokacin da ake auna inda za a ɗinke bakinta biyu, don ya samu hanyar shiga ba tare da ya yi sako-sako ba. Kunnuwa kuwa, a fere bakinsu biyu da wuƙa ta baya su yi siriri, a zura kowanne a zobe mai siffar harafin D mai faɗin santimita 2, a ninke, a manna, a ɗinke a kan ɗamara ta waje, zoben yana santimita 2 ƙasa da baki. Nauyin jakar duka a kan waɗannan kunnuwa yake, saboda haka a yi musu ɗinki mai kusurwa huɗu, kuma layin saman a bi shi sau biyu. Zoben tagulla ya fi na baƙin ƙarfe, musamman ga mazauna Bur Sudan inda danshin teku ke sa tsatsa da wuri.

Haɗa jaka

A fere gefen ɗamara biyu ta baya, faɗin kamar milimita 8, a rage kusan rabin kaurin, musamman inda zai bi kwana. A shafa ruwa kaɗan a gefen, a lanƙwaso shi waje da yatsu, a bari ya sha iska. A shafa gam siriri a bayan gaba da bayan ɗamara, iyakar tsakanin baki da layin huda, da tsinke ko guntun kwali. Irin wannan gam ba a haɗa shi yana ɗanye, sai ya daina bin yatsa, kuma a zafin Kassala ko Gadarif hakan ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci. Yana kama wuta kuma tururinsa yana sa ciwon kai, don haka a yi aikin a tsakar gida nesa da murhun gawayi.

Da yake gam ɗin yana kamawa nan take, kada a shafa wa layin duka lokaci guda. A fara da gindi: a soka allura a hudar tsakiya ta gaba ta wuce ta tsakiyar ɗamara, a soka wasu a kowace huda ta goma, sannan a matse. A bi kwana da allura a kowace huda ta biyu ko ta uku, ana ɗan jan bakin ɗamara ya bi zagayen, sannan a haura gefe. Ɗinkin ma daga tsakiyar gindi ake fara shi, da zare mai tsawon santimita 140, a haura har baki. Zare na biyu ya fara huda uku kafin tsakiya, ya hau kan na farko, ya nufi ɗaya bakin. Raba shi biyu ya fi jan zare mai tsawon fiye da mita biyu, wanda ke harɗewa yana kuma yin datti kafin a kai ƙarshe. A bakin jaka, inda hannu ke buɗawa kullum, a zagaya zaren ta saman fatar sau biyu kafin a koma baya.

Haɗa baya ya fi wuya, domin jakar ta riga ta yi ciki kuma matsi ba ya kama ta yadda ake so. A cusa tsumma a ciki ta tsaya, a riƙe ta tsakanin gwiwoyi, a bi tsarin da aka bi a gaba. Idan an gama, a daidaita bakin fatu biyun da aka haɗa da wuƙa inda ɗaya ya ɗara, a bi da samfefa har su zama kamar fata ɗaya, sannan ruwa, ƙaro da kaki kamar yadda aka yi a baya. Wannan gogewar ita ce ke raba jakar da za a ce an saya da wadda za a ce an gwada, kuma ta cancanci a ba ta yammaci guda.

Harshe ba a ɗinka shi sai yanzu. A zuba wa jakar kayan da za ta riƙa ɗauka, a ɗan jiƙa wurin da murfi zai lanƙwasa ta ciki, a rufo shi, a zura harshen a gada, a sa alama inda ya kwanta a kan murfin. Santimita 4 za su hau murfi a ɗinke, 5 su sauko. Wanda ya auna shi a kan jaka wofi zai tarar ba ta rufuwa ranar da ta cika.

Maratayi faɗinsa santimita 2 ne, tsawonsa kuwa a auna shi da igiya a jikin mai jakar, a kan irin suturar da take fita da ita, domin wadda za ta rataya a kafaɗa ɗaya a kan lafaya ba ta buƙatar tsawon wadda za ta gitta a ƙirji. Mafi yawa yana faɗawa tsakanin santimita 100 da 120, a ƙara 8 na ninki. Idan fatar ba ta kai wannan tsawo ba, a fere bakin guda biyu a jirkice, a ɗora su santimita 4 a kan juna, a manna a ɗinke, a sa mahaɗin ya faɗo ta baya. A goge gefunansa tukuna, sannan a zura kowane baki a zobe, a ninke santimita 4, a manna, a ɗinke, bayan an tabbatar bai murɗe ba.

Saura mai. Fatar bagaruwa tana bushewa a iskar rani har ta fara tsagewa a wurin lanƙwasa, don haka tana son a shafa mata man takalmi marar launi ko man fata mai kakin zuma, kaɗan a ƙyalle, a bari ya shiga, a goge. Man riɗi yana ko'ina a Gadarif kuma hannu yakan kai gare shi, amma man girki yana baƙanta fata fiye da kima, yana iya yin ɗoyi idan ya daɗe, yana kuma kama ƙura. Kowane mai za a sa, a fara gwada shi a guntu a bari ya kwana. Bayan guguwar ƙura a kakkaɓe jakar da busasshen ƙyalle kafin a sa mata wani abu, idan kuwa ruwan damina ya dake ta, a cusa takarda a ciki a bar ta ta bushe a inuwa, ba a rana ko kusa da wuta ba. Wajen ajiya a sa ta a jakar yadi, domin leda tana riƙe danshi ta jawo fumfuna.